Amukun Di'o

Jethro kafinta ne ya sassaƙa sandunan da hannunsa. Makarantar su Vera, 'yarsa, da ke Tudun Ƙofa za ta yi wasan kwaikwayo ranar bikin samun 'yancin kai, kuma ana buƙatar amuku, gadon yadin nan da ake rataye wa a sanduna, wanda a da mutum huɗu ke saɓa Di'o, Baturen mulki, a cikinsa.

Ranar da ya kai kayan aka yi gwaji da su a gabansa. Khaulat, 'yar cikin gari, aka ɗora wa hular Di'o, saboda ta fi kowa haske. Masu ɗauka kuwa yara huɗu ne, biyu 'yan ƙabilar Eggon, biyu 'yan ƙabilar Mada. Vera ce a gaba, sanda a kafaɗa.

Jethro ya tsaya yana kallonsu. Kakansa ya yi wannan aikin tilas, har ya mutu kafaɗarsa ta dama tana da kanta.

Ya sami Malam Sha'aibu, mai shirya wasan, ya tambaye shi wa ya raba aikin haka. Malam ya ce babu wata manufa, yaran nan sun fi ƙarfi ne, kuma ai su ne suka saba da ɗaukar kaya.

"Suka saba?" in ji Jethro. "Malam, wa ya saba musu? Bature ya tafi tun kafin a haife ni, amma har yau kun san kafaɗar da za ku nema."

Ya ce ko a sake rabo, ko ya kwashe sandunansa, ya janye 'yarsa. Kunya ta kama Malam Sha'aibu. Sai ya karya tsinken tsintsiya, ya ce a ja ƙuri'a, wanda ya ja guntu shi ne Di'o. Vera ta ja guntun. Khaulat ta faɗa cikin masu ɗauka.

Jethro ya koma shago yana jin ya gyara wani abu a duniya.

Ranar biki filin ya cika. Aka shigo da Vera a amuku, an shafe mata fuska da hoda, kara a hannu. Ta harɗe ƙafa, tana magana ta hanci. Babu wanda ya koya mata, amma da Khaulat ta yi tuntuɓe sai ta tsula mata karan a wuya, ta kira ta jaka. Mutane suka fashe da dariya. Wilson, maƙwabcin Jethro, ya dafa shi, ya ce yau dai an rama wa kakanni. Vera ta ji ana tafa mata, ta ƙara tsula wa Khaulat.

Jethro ya ture hannun Wilson, ya ratsa filin. Ya kama sandar gaba, ya ce wa yaran su sauke. Suka sauke.

"Baba, ba a gama ba," in ji Vera. "Saura a ba da tuta."

"Sauko. Da ƙafarki za ki tafi."

Ya karɓe karan. Ana ta yi masa ihu ya fita, ya ɓata wa yara wasa. Bai kula ba. Ya kwance yadin, ya haɗa sandunan ya saɓa a kafaɗarsa, ya nufi ƙofa. Vera ta biyo shi tana kuka, hodar na gangarowa a kumatunta. Khaulat na tsaye tana shafa wuyanta, ba wanda ya dube ta.