Tsawon Yatsa Ɗaya

Ɓawon lemun ya tsinke a zagaye na biyu. Injiniya ya ɗaga guntun sama ya nuna mini kamar wanda ya kamo ɓera a wutsiya.

"Ka gani ko, Digiri? Shekara talatin ina fere lemu, ɓawo bai taɓa tsinke mini ba sai yau. Wannan abin naka gatari ne."

"Wuƙa ba ta da laifi. Hannu ne ya tsufa."

"Hannun da ya ta da fankarka daga mutuwa sau huɗu? Ka dai ji kunya."

Muna zaune ne a bencin ƙofar shagonsa, ranar Asabar da hantsi. Shekara goma sha bakwai katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Fanka yake gyarawa, da dutsen guga da rediyo, bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba, don haka kowa ke ce masa Injiniya. Ni kuwa digiri biyu gare ni, ina aiki a wani ofis inda muke ƙirga abubuwan da ba wanda ya tambaye mu, don haka yake ce mini Digiri. Duk cikinmu ba wanda sunansa yabo ne.

Musunmu ɗaya ne tun da muka san juna: wane girma ya dace da wuƙar aljihu. Tasa ba ta wuce tsawon yatsansa manuni ba in an buɗe ta. Ƙotarta ta tsage tun da daɗewa ya naɗe ta da baƙin salatif, bakinta ya sirance don yawan wasawa. Da ita yake fere waya, ya kankare tsatsa, ya gyara farce, ya fere lemu, kuma ba lallai ya wanke ta a tsakani ba. Tawa daga ƙasar waje na sa aka kawo mini. Bakinta inci biyar ne, fari tas, tana da maɓalli, in ka danna sai ta fito da kanta, ƙas. Ambulan nake buɗewa da ita a ofis.

Hujjata ta masu ilimi ce: babba tana yin aikin ƙarama, ƙarama ba ta yin aikin babba. Tasa hujjar ba ta canja ko da kalma ɗaya.

"Wuƙar aljihu, in ka buɗe ta ka dunƙule hannu, kada na gabanka ya san da ita. In har ya gani, ba aiki ka ɗauko ba, magana ka ɗauko."

Ni na kawo shawarar mu yi musaya na mako ɗaya, daga Laraba zuwa Laraba, ya riƙe tawa in riƙe tasa. A jami'a an koya mana cewa gwaji ne ke kashe gardama. Wannan Asabar ita ce rana ta huɗu.

Ya ajiye lemun a kan benci, ya naɗe wuƙar da hannu biyu kamar mai rufe laima, ya tura ta aljihu. A lokacin muka ji hayaniya daga mahaɗar hanya, can wajen tashar mota. Hayaniya iri-iri ce, kuma wanda ya zauna kusa da tasha ya san kowacce. Akwai ta faɗan kwandasta, akwai ta haɗari. Wannan tana da dariya a ciki.

"An kama wani," in ji Injiniya. Ya miƙe yana neman takalminsa.

"To su kai shi ofishin 'yan sanda."

"Ka taɓa ganin an kai mutum ofis da dariya?"

Na bi shi. Ba don jarumta ba, ina jin kunyar a ce na zauna gadin lemu.

Sun ɗaure mutumin a jikin falwaya da igiyar shanya shuɗiya, hannuwa ta baya, an zagaya ƙirji sau uku. Ba yaro ba ne, akwai furfura a gemunsa. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Idonsa na hagu ya rufe, leɓensa ya rabu biyu, jini na bin gemun yana ɗiga a kan wani batirin mota da aka ajiye a gabansa a matsayin shaida. Wani yana ta ƙoƙarin zura masa taya ta ka, falwayar ta hana, sai ya rataya masa ita a wuya a karkace. Gefe guda wani mai babur ya durƙusa yana zuƙo fetur daga tankinsa da tiyo yana tarawa a gorar ruwa. Yana yi yana tofar da yawu yana mita, wai kullum shi ake sawa.

Yawancin mutanen matafiya ne da 'yan tasha, ba su san mu ba. Amma na ga mai wankin motar layinmu, na ga mai sayar da katin waya, wanda ya gaishe ni da hannu.

Injiniya ya kutsa har gaban mai batirin, wani ƙaton direba da tawul a wuya.

"Direba, sannu da ƙoƙari. Batirin ya dawo?"

"Ga shi kana gani, Baba."

"To alhamdu lillahi. Mota za ta tashi ke nan. Shi kuma ai ya ji a jikinsa, a miƙa shi ga hukuma."

"Hukuma za ta sake shi kafin in sa mota a giya ta biyu. Batir uku ke nan a wata ɗaya."

"Shi ya ɗauki ukun?"

"Shi muka kama."

Wani daga baya ya ce, "Tsoho, in ba ka da ashana matsa gefe." Aka yi dariya.

Injiniya ya dawo inda nake. Gorar ta kusa rabi. Ya matso da bakinsa kunnena, ina jin ƙanshin lemu.

"Ba ni wuƙata."

"Me za ka yi?"

"Igiyar shanya ce, ja uku ta tsinke. Zan tsaya a bayan falwayar kamar ɗan kallo. Ba ni."

Tana cikin aljihuna na dama, ina ma riƙe da ita. Sai na yi lissafi irin na masu digiri biyu: in na hana shi, ba shi da abin yi sai ya bi ni gida.

"Ba zan ba ka ba. Mako muka ce. Zo mu tafi, Injiniya, kana da iyali."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa.

"Shi ma wataƙila yana da su," ya ce. "To, ai akwai gatarin."

Na kama hannun rigarsa, ya zame. Ya zagaya a hankali, yana ba mutane haƙuri yana wucewa, har ya isa bayan falwayar. Na ga ya sa hannu a aljihu, ya juya jikinsa don ya kare. Amma kamfanin da ya ƙera wuƙar nan bai yi ta don a ɓoye ba. Na biya kuɗi mai yawa saboda wannan ƙarar, kuma ranar ta yi aikinta.

Ƙas.

Rana ta daki bakinta. Wata mata mai tallan ruwa ce ta fara gani.

"Wuƙa. Ga wuƙa nan."

"Abokinsa ne."

"Dama na ce su biyu ne."

Injiniya ya ɗaga wuƙar sama don su ga ba da kowa yake ba. Duk abin da zai iya yi a duniya, wannan ne mafi muni. Ya ce, "Bayin Allah, igiya kawai zan..." Katakon benci ya same shi a gwiwar hannu, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Wuƙar ta faɗi. Direban ya naushe shi a baki, wani ya kwashe ƙafafunsa, sai taron ya rufe a kansa.

Zan so in ce na kutsa. Abin da na yi shi ne na ce, "Maƙwabcina ne, mai gyaran fanka ne," sau biyu, da muryar da nake kiran masinja a ofis. Wani ya ture ni da kafaɗa ba tare da ya ko dube ni ba. Ta tsakanin ƙafafu ina hango shi ya dunƙule, yana kare kansa da hannun da bai karye ba. Ana ta shuri, ana sauke katako. Wani saurayi mai tsabtatacciyar riga ya tafi har bakin kwata ya ɗauko rabin bulo, ya dawo yana cewa a ba shi hanya, aka kuwa ba shi. Mai wankin motar layinmu, wanda Injiniya ya gyara wa injin feshi a watan jiya, yana tsaye da dutse a hannu. Ban ga ya jefa ba. Ban ga ya ajiye ba.

Turereniyar ta kai ni har jikin falwayar. Kowa ya ba ta baya, sabon nama ya fi. Ɗaurarren yana numfashi ta baki, kumfar jini na fashewa a hancinsa. Na buɗe 'yar wuƙar a cikin aljihu da farcen babban yatsa, ba ta yi ko tari ba. Na fito da ita a dunƙule. Mai babur ɗin nan yana tsaye kamu biyu daga gare ni da gorarsa, ya dubi hannuna, ya ga hannu, ya mai da idonsa wajen kallo.

Ja uku ne igiyar ta tsinke, kamar yadda aka faɗa mini. Mutumin ya sulale ƙasa, ya zare kansa daga taya, ya rarrafa ƙarƙashin wata tirela. Daga can gefen na ga ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, suna tafiya. Har yau ban san ko shi ya saci batirin ba.

Da jiniyar 'yan sanda ta ƙaraso, nan take taron ya zama taron shaidu. Kowa yanzu ya iso. Muka sa Injiniya a bayan wata motar ɗaukar kaya, a kan buhunan siminti da babu komai a ciki, na ɗora kansa a cinyata. Gefen kan ya yi laushi kamar lemun da aka taka. Kunnensa na zubar da jini, yana jiƙa mini wando. Mun wuce gidan mai na biyu sai ya buɗe ido ɗaya.

"Digiri."

"Na'am. Yi shiru, mun kusa."

"Ya tafi?"

"Ya tafi."

"Da wacce?"

"Da taka."

Ya yi numfashi, wani abu na ƙara a ƙirjinsa kamar fankar da ƙarfenta ya goce.

"An gan ka?"

"Ba wanda ya gani."

"To," ya ce.

Bakinsa ya ɗan motsa, haƙoran gaba babu. Na san wannan fuskar, ita yake yi in ya jona fanka ta juya. Kafin mu kai ƙofar asibiti ya cika.

Da la'asar aka kira ni ofishin 'yan sanda. Wuƙata na kan tebur, sajan yana auna ta da rula.

"Inci biyar," ya ce. "Malam, kai mai ilimi ne. Mutumin kirki me zai yi da wannan a aljihu?"

"Tawa ce. Aro na ba shi."

Ya dubi rigata, ya dubi tabarauna, ya yi murmushi.

"Allah ya saka maka da alheri, maƙwabci ya yi. Amma kada ka wahalar da kanka, mun riga mun cike takarda."

Na san darajar takardar da aka riga aka cike, da ita nake cin abinci. Ban maimaita ba. Kafin in iso gida wuƙar ta kai kamu guda a bakin mutanen layi. Washegari ta zama takobi.

Ranar Lahadi, bayan masu ta'aziyya sun ragu, na yi sallama a tsakar gidansa. Matarsa na zaune a tabarma kusa da wata fanka da aka kwance ba a mayar ba. Na tsuguna daga nesa na faɗa mata komai, har da abin da ya roƙa na hana. Ba ta katse ni ba.

"Wuƙarka ta yaga masa aljihu," ta ce. "Ranar Alhamis na ɗinke. Na ce ya mayar maka da kayanka, ya ce a'a, alkawari ne."

Na fito da 'yar wuƙar na ajiye a bakin tabarma. Ta dube ta, ba ta taɓa ba.

"Mako kuka ce, ko?"

"Mako."

"Saura kwana uku. Bai taɓa karɓar abu kafin ranarsa ba. Ka kawo ranar Laraba, Malam."

Na ɗauka na fito. Shagon na kulle, bencin na nan. Lemun da ya fara ferewa ya bushe ta gefe ɗaya, tururuwa sun yi layi a kansa. A cikin ledar da ke ƙarƙashin bencin akwai sauran guda biyu. Na zauna a wajena, na ɗauki ɗaya, na sa bakin wuƙar a saman.

Ban taɓa iya fere lemu ba. Ɓawon ya fara sauka, zagaye ɗaya, biyu, uku, yana lilo a tsakanin gwiwoyina, har ƙarshensa ya taɓa ƙasa bai tsinke ba.