Kibau Tara a Gwangwanin Biskit

Ranar Lahadi da ƙarfe biyu aka yi taron shekara na ƙungiyar jifan kibau ta garinmu, a ɗakin sama na mashayar Farin Zaki. Abu ɗaya ne ya kai ni. Clifford Haworth, wanda yake shugabancin ƙungiyar tun kafin a haife ni, ya kawo shawarar a soke gasar mata ta ranar Talata. Wai ba ta da mutane.

Ni kuwa Talatar nan ita kaɗai gare ni. Sauran kwanakin a gidan wanki nake, ina ninke zannuwan gadon otal, sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Amma idan na tsaya a bakin layin jifa a mashayarmu, Masaƙa, ina auna allo da 'yar kibiya, hannuna ba ya rawa. Kyaftin ɗinmu, Anti Glenda, ita ce ke zuwa irin wannan taro, to ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Daga gadon asibiti ta miƙo min kibiyar mashayarmu.

"Ba sai kin buɗe baki ba, Keeley," in ji ta. "Ki kafa ta a allon hagu ki dawo ki zauna. Ko kaza za ta iya."

Haka ake ƙuri'a a wurinmu. Kowace mashaya tana da kibiya guda ta tagulla, an zana sunanta a jiki. A rataya allo biyu. Wanda ya yarda ya kafa a na dama, wanda ya ƙi ya kafa a na hagu. Anti Glenda ta ce lokacin ƙuruciyarta kibau talatin da huɗu ake kafawa. Yanzu mashaya goma sha ɗaya ce ta rage a buɗe, shida daga ciki suna da 'yan wasa mata. Na ƙirga a yatsu a cikin bas: shida ta fi biyar.

Ɗakin yana warin tsohuwar giya da rima. Dardumar ƙasa tana kama takalmi. An jera kofunan gasa a kan wani kanta, duk sun yi baƙi, wani har da mataccen ƙuda a ciki. Na zauna a baya kusa da Shirley Nuttall ta mashayar Jirgin Ruwa, mace mai ƙatuwar murya da tari irin na masu shan taba.

Sakatare Norris ya karanta bayanin taron bara kamar mai tauna tsumma. Daga nan aka zo zaɓe.

"Akwai mai neman kujerar shugaba?" in ji Clifford, yana share miyar tumatir daga gashin bakinsa. Bai ko ɗago ba. "Babu. Na gode da amana."

"Ranka ya daɗe," in ji Shirley, "ka bari mu haɗiye yawu mana."

"Ki haɗiye a gida, Shirl."

Maza suka yi dariya. Ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Kin san dalilin sokewar? Uwar ƙungiya ta gunduma ta fito da doka, duk inda ake gasar mata, dole a sa mace ɗaya a kwamiti. Shi ne tsohon nan ya gwammace ya kashe gasar da ya ga siket a teburinsa."

Aka kira ƙuri'a kan soke gasar mata. Na tashi na kafa kibiyar Masaƙa a hagu, na dawo. Da kowa ya gama, biyar a dama, shida a hagu. Shirley ta matse min gwiwa har na ji zafi.

Sai Clifford ya jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur. Ya buɗe, ya tashi a hankali saboda tumbinsa, ya fara kafa kibau a allon dama yana kiran sunaye.

"Baƙin Sa. Ƙahon Barewa. Tashar Jirgi. Rawanin Sarki."

Tara ya kafa. Wani ma yana duba sakamakon ƙwallo a waya.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baƙin Sa ai shagon katifa ne yanzu," na ce. Muryata ta fito siririya.

"Wa ke magana? Ɗaga murya, 'yar nan, ba a coci muke ba."

"Shagon katifa ne, Baba Clifford. Nan na sayi filo. Tashar Jirgi kuma an rushe ta, motoci ake ajiyewa a wurin."

"'Yar wa ce wannan?" ya tambayi Norris.

"Ta Masaƙa ce. Mai wanki."

"To, mai wanki, saurara. Norris, doka ta bakwai."

Norris ya lashi yatsa ya buɗe wani littafi da ya sha maiƙo. Dokar ta ce mashaya tana nan a ƙungiya har sai mai ita ya rubuto takardar fita da hannunsa. Idan kuma wakilinta bai zo taro ba, shugaba ne zai kafa mata kibiya.

"Mai Baƙin Sa shekararsa shida da mutuwa," in ji Shirley. "Kai ka ɗauki akwatin gawarsa, Cliff."

"Na ɗauka. Amma bai rubuto ba."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, har da waɗanda suka kafa a hagu tare da mu. Na dubi kyaftin ɗin Farin Zaki, wanda matarsa take wasa da mu kowace Talata. Ya ɗaga kafaɗa.

"Kullum haka ake yi, ƙanwata. Ki zauna."

"To a canja dokar," na ce.

"Madalla," in ji Clifford. "Kawo shawara a rubuce baɗi. Sai mu kafa kibau a kai."

Norris ya rubuta goma sha huɗu da shida. Kujeru suka fara ƙara, maza suna sauri su sauka ƙasa kafin a fara ƙwallo. Na je na zare kibiyarmu daga allo. Ina juyowa na ga Norris a gabana, riƙe da gwangwanin a buɗe.

"Masaƙa ba ta da 'yan wasa maza, ko?" ya ce. "To tunda babu gasar mata, ba ku da wakili. Shugaba ne zai riƙa ajiye muku."

Da Anti Glenda ce, da ta soka masa ita a hannu. Ni kuwa na waiga neman Shirley, tana can bakin taga tana tari. Mutum uku sun tsaya a ƙofa suna kallona. Na saka kibiyar a ciki. Ya rufe, ya ce na gode, har da ɗan murmushi.

A waje ana yayyafi. Shirley ta kunna taba a ƙarƙashin rumfar shagon kifi, ta daɗe tana zagin Clifford da ubansa.

"Akwai allo a garejina," ta ce daga baya. "Sai mu riƙa haɗuwa can. Ba kofi, ba komai, mu dai yi jifa."

"Su wa za su zo?"

Ta fara lissafi, ta kira suna uku, ta tsaya. Ta ce wance tana da jikoki, wance kuma ba za ta hau bas biyu don gareji ba.

"Ina kibiyarku?"

Na gaya mata. Ta dube ni, ta busa hayaƙi gefe. Bas ɗin da ke bi ta asibitin da Anti Glenda take kwance ya zo ya tsaya, ƙofa ta buɗe. Na bar shi ya wuce, na taka gida a ƙafa.