Ranar da Bahago Ya Yi Shiru a Rijiya

Duk birnin Zariya, daga Limancin Kona har gindin Kufena, babu wanda ya riga Baba Bahago ganin abin da injin jan ruwan nan zai yi. Tun ranar da aka sauke shi daga bayan mota, jan fentinsa na ƙyalli, mutane na shafa shi kamar ɗan maraƙi, Bahago ya shaƙi hayaƙinsa sau ɗaya, ya tofar da yawu, ya ce, "Wannan abin zai ci mutum." Aka kwashe da dariya. To, dama haka ake yi masa. Mutumin da ya fara shiga rijiya tun siminti bai shigo cikin ganuwa ba, wanda ƙasa ta rufta masa a Kufena ya tone kansa da hannun hagu ya fito yana tambayar ina fura, shi ne yau yaran da aka haifa a gadon asibiti suke wa dariya.

Masu haƙar rijiya na cikin birni suna da ƙungiya. Ofishinta benci biyu ne a gindin darbejiya, shugabanta kuwa Ƙasimu, wanda ba ya amsawa sai an ce Ciyaman. Da can mahaƙi ne, amma tun da aka zaɓe shi ƙafarsa ba ta sake taɓa laka ba, sai babbar riga da waya biyu. Dokar da ya fara kafawa ita ce, duk wanda gemunsa ya yi fari ya daina shiga rami. Da wannan doka aka naɗa Bahago Uban Ƙungiya. In an yi taro shi ke zama a gaba, shi ake fara miƙa wa ruwan leda, kuma ba mai tambayarsa komai.

Bazarar bana ta ƙafar da rijiyoyi. Alhaji Muntasir, mai gidan buga bulo a bayan Ƙofar Jatau, ya ba ƙungiya aikin ƙara wa tasa zurfi. Matsalar ita ce ɗan ruwan da ke tsattsafowa a ƙasa yana hana haƙa. A da da guga ake kwashe shi, a ɓata rabin yini. Alhaji ba ya son ɓata yini, shi ya sa ya sayo injin jan ruwa mai shan fetur. Sai dai rijiyar ta yi nisa, in inji yana sama ba ya iya zuƙowa. Aka yi dabara, aka ɗaura shi a kan katako aka zura shi ciki, yana lilo a saman kan mai haƙa: inji na ja, mutum na haƙa. Ma'aikata ba su yi musu ba, don da gaba ake biyansu, wato gwargwadon zurfin da suka haƙa, ba da yini ba. In ba a yi zurfi ba, ba a ci ba.

Wanda layi ya zo kansa ya fara shiga shi ne Sabo, mijin Radiya, 'yar Bahago. A nan fa gizo ke saƙa. Bahago ba zai iya buɗe baki ya ce masa kada ka shiga ba. Tun da aka ɗaura auren, abin da ke haɗa su bai wuce gaisuwa ba: Sabo ya tuɓe takalmi ya durƙusa, Bahago ya kalli gefe ya ce lafiya lau. In kuwa ya roƙa a gaban jama'a, gobe za a ce tsoho yana tsaron tukunyar 'yarsa ne. Amma ya san hayaƙin nan ba shi da ƙofar fita, kuma ya san Radiya na da yara reras, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba.

Da hantsi aka taru a bakin rijiya. Ciyaman ya buɗe kwali ya fito da hulunan kwano rawaya, kowace da tocila a goshi, kyautar Alhaji. Ya jera ma'aikata, ya shiga tsakiya, aka ɗau hoto, ya ce a sake don hularsa ta karkace.

"Kwamared, wannan ita ce ribar gwagwarmaya," in ji shi. "Daga yau ran ɗan ƙungiya yana da daraja. A tada inji!"

Aka ja igiyar inji, ya ɗauka, aka zura shi. Sabo ya soma naɗe ƙafar wando.

"A kawo aci-balbal," in ji Bahago daga inda yake zaune a kan bulo.

"Ta mece ce, Baba? Ga tocila a goshin kowa, har daga nan kana iya ƙirga tsakuwar ƙasa."

"Kai Ƙasimu, ubanka ma da ya koya maka riƙon dagi, don ya ga hanya yake zura fitila? Wuta ake zurawa. In ta mutu, mutum ba ya shiga. Tocilarka kuwa ko a kabari ci za ta yi."

"Ciyaman dai, Baba. Muna bakin aiki."

"To Ciyaman na bakin aiki, a kawo fitila."

Don a rabu da shi aka aika gidajen maƙwabta. Aka dawo hannu rabbana. Wata tsohuwa ta aiko a ce ta ba 'yan gwangwan tata tun bara, kananzir ya fi ƙarfinta. Kowa ya koma fitilar caji.

Bahago ya waiga. Ga wani jan zakara yana tsattsage a jikin tulin yashi, ƙirjinsa kamar na ɗan dambe.

"To a sa wancan a guga a zura. In ya dawo yana cara, ni da kaina zan ce a shiga."

Alhaji Muntasir, da ke tsaye a inuwa yana jan carbi, ya zabura.

"Wane zakaran? Nawa? Baba, ka san yadda ake sayar da zakara kuwa yanzu? In ya mutu a ciki mushe ne fa, ko yankawa ba za a yi ba. Haba! A bar wasa da dukiya. Sabo, bisimilla, fetur na ƙonewa."

Ciyaman ya duƙufa a kan wayarsa kamar an aiko masa da wahayi. Sabo ya gyara hular kwanonsa ya kama igiya.

Sai Bahago ya miƙe. Ya tuɓe rigarsa ya ninke ta a kan bulo, ya fizge igiyar, ya zagaya ta ƙarƙashin hamatarsa, ya ƙulla irin ƙullin da bahagon hannu kaɗai ke iya yi.

"A zamaninmu babba ke fara sauka ya gaida rijiya. Tunda zakara ya yi tsada, ga tsoho, shi araha ne."

"Baba, doka ta hana!" in ji Ciyaman.

"Zo ka hana ni, mai doka. Ka matso dai a hankali, kada laka ta taɓa maka riga."

"Ku bar shi ya leƙa ya fito mu huta," in ji Alhaji.

Bahago ya zura ƙafafunsa. Bai kalli Sabo ba. Bango ya kalla, ya ce, "A faɗa wa mijin yarinyar nan ya riƙe igiya da kyau, ba akuya aka ɗaura ba."

Ya fara sauka, bakinsa na sauka tare da shi. Wanda duk ya san Bahago ya san ko a jana'iza sai an zungure shi yake yin shiru. Muryarsa ta rinjayi ƙarar inji. Ya lissafa rijiyoyin da ya haƙa a Limancin Kona da sunayen masu su da waɗanda suka yi masa rowar abinci. Ya yi wa kansa kirari: na hagu mai tsaga dutse, ƙasa ta haɗiye ka ta yi amai! Ya raɓa ta gefen inji ya zage shi. Ya taka ƙasa ya ɗago murya ya ce a gaya wa Ciyaman ruwan nan ya fi shi amfani. Ma'aikata na sama suna ta ƙyaƙyata dariya.

Can sai ya sake ba da labarin Kufena, wanda ya gama bayarwa yanzun nan. Sai harshen ya yi nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Sai ya kira matarsa Asabe, wadda ta daɗe da rasuwa, ya ce ta rufe taga hayaƙi na shigowa.

Daga nan ba a sake jin komai ba sai inji.

Sabo bai jira umarnin kowa ba. Ya kafa ƙafa a gungumen bakin rijiya ya fara ja yana salati, sauran suka rufa masa baya. Kafaɗar tsoho ta gogi salansar inji a hanya, ko motsi bai yi ba. Aka fito da shi kamar jiƙaƙƙen buhu, kai ya langaɓe, idanu a kafe. Wannan na cewa a kawo manja, wancan na cewa madara, wani na fifita da hular kwano. Sabo ya saɓa shi a baya ya ruga bakin titi, ya tare keke napep, sai asibiti.

Waɗanda suka rage suka dubi ramin, suka dubi juna. Ɗaya ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa ya zauna. Na biyu ma haka. Kafin a jima duk sun zauna, mutanen unguwa sun cika wurin, wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Ciyaman ya ga inda iska ta juya. Ya haye kan bulo ya ɗaga hannu.

"Kwamared! Daga wannan lokaci ƙungiya ta shiga yajin aiki! Mun daɗe muna gargaɗi a kan injin nan!"

"Ƙasimu," in ji Alhaji, da muryar da ya zaci raɗa ce, "ai ba haka muka yi da kai ba."

Kowa ya ji, har wayoyin.

Yajin bai yi tsawo ba, don Alhaji ya fi tsoron bidiyon nan fiye da asara. Aka zauna a gindin darbejiya ya amince: inji ya gama jan ruwa a fito da shi, a ɗaure ganye a igiya a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya, a zura wuta, sannan mutum ya shiga. Zaman jiran kuma a aljihun mai rijiya, ba a wuyan ma'aikaci ba. Da Sabo ya shiga daga baya, ya fito da ƙafafunsa, ya tafi gida ya ci tuwo. Ƙungiya ta sa wa tsarin suna Dokar Ƙasimu.

Shi kuwa Bahago, da ya farfaɗo a gadon asibiti da roba a hanci, kansa na sara kamar ana daka, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya kawo shi. Radiya na share hawaye ta ce, "Baban su Fiddausi ne ya goyo ka, Baba."

"Ƙarya ne. Da ƙafata na hau keken."

Har yau a kan haka yake. Suruki bai taɓa goya shi ba, kuma suma bai suma ba. Sanyin ƙasan rijiya ne ya yi masa daɗi, ga shi ya karya da ɗumame mai nauyi, ya ɗan runtsa, yara marasa haƙuri suka fizgo shi yana tsakiyar barci. Likitan da ya ce saura ƙiris, yaro ne, bai taɓa ganin cikin rami ba. Wanda kuma yake ganin ƙarya Bahago ke yi, ba sai an yi dogon musu ba. Rijiya tana nan a bayan Ƙofar Jatau, inji ma yana nan. A tada shi a zura, mai gardama ya biyo bayansa ya kai ƙasa ya yi ko da rabin kirarin da Bahago ya yi. Bahago zai riƙe masa igiya, in bai gyangyaɗa ba.