Kafin Almakashi Ya Taɓa Yadi

Motar ta daɗe a ƙofar shagon Tela har mutanen layin suka mai da ita kayan unguwa. Mai wanki yana shanya tawul a kanta, mai sayar da lemo yana jingina da ita, kyanwar maƙwabta tana barcin rana a ƙarƙashinta. Ƙanen Tela ne ya bar masa ita da aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa. Lafiyarta lau. Lasin ne babu, kuma Tela ba ya cikin mutanen da ke hawa titi ba takarda. Wannan halinsa ne mai kyau. Yana da wani marar kyau: in ya furta magana a gaban jama'a, ba ya iya janye ta ko da za ta kashe shi.

Ranar da aka gaya masa babbar 'yarsa tana da ciki, ya miƙe a tsakiyar falo, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ya ce shi da hannunsa zai tuƙo jikansa daga asibiti.

"Ba tasi, ba motar maƙwabci, ba ta surukina. Ni."

Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Mama, ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Malam, keken ɗinki fa kaɗai ka taɓa tuƙawa. Shi ma ba ya barin inda yake."

"Za ki gani."

"Zan gani kuwa, in Allah Ya bar mini idona."

Bakaniken da garejinsa ke manne da shagon shi ya koya masa. Kullum da la'asar sukan tafi wani fili a bayan kasuwa, kuma gaskiya Tela ya iya. Ƙafar da ta shekara talatin tana taka keke ba ta sha wahalar kuloci ba. Idon da ke gane karkatar ɗinki daga nesa ba ya kuskuren fakin. Bakanike ya ce rabonsa da ɗalibi mai kai irin wannan har ya manta.

Amma ranar gwaji, da jami'in da zai gwada shi ya shigo motar ya zauna a gefensa ya rufe ƙofa, sai zuciyar Tela ta soma dukan ƙirjinsa. Tafin hannunsa ya jiƙe. Ya ce a ransa, na shiga uku, tsoro ya kama ni. Yana faɗin haka abin ya ninka. Ƙafarsa ta hagu ta kama rawa a kan kuloci, motar ta yi tsalle kamar akuya ta mutu. Ya tayar, ta sake mutuwa. Ko ƙofar harabar ofishin gwajin ba su kai ba jami'in ya ce ya isa haka, ya je ya sake shiri.

Gidan ya zauna shawara. A gidan tela, abin da ya yamutse guga ake yi masa, don haka Mama ta yanke cewa gugar mijinta za a yi har ya kwanta sumul. Ta hana shi shayi. Ta ɗauke rediyon shago ta ɓoye a cikin kabad. Duk baƙon da ya zo da hira mai zafi, tun daga ƙofa take sallamarsa. Bakanike ya kawo tasa gudummawar.

"Mutumina, ka ɗauka ba kai ne a motar ba. Ka ɗauka kana kwance a gadonka, fanka na kaɗawa."

Da safiyar gwaji na biyu Mama ta cika masa faranti da shinkafa, ta bi shi da madara mai ɗumi, wai cikin da ya cika ba ya faɗuwar gaba. Ya je ya tarar da layi, ya zauna a benci rana na dukan bayansa har jikinsa ya mutu murus. Da aka kira shi ya tashi motar lafiya, ya fita harabar lafiya, ya hau titi yana hamma. Zuciyarsa shiru kamar ta tafi unguwa. Ya ji daɗin kansa ƙwarai. A haka ya iso danja, ta nuna ja, ya wuce abinsa a natse, yana murmushi.

"Birki! Birki, Malam!" in ji jami'in, ya fizgi birkin hannu.

Tela ya juyo a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka mana."

Wanda ya wuce jar danja yana murmushi bai cancanci lasin ba, kuma jami'in ya yi daidai da ya kayar da shi. Allah Ya tsare, babu mai tsallakawa a lokacin.

Ciki kuwa ba ya jiran kowa. Babbar 'yar ta yi nauyi har sai ta dafa bango take tashi. Surukin, yaro mai ladabi, ya zo ya durƙusa ya ce in da hali a bar shi ya ɗauko su kawai. Tela ya ce a'a, sannan ya shige shago. Ya daina zuwa fili. Ya daina duban motar. An ba shi ranar gwaji na uku, kuma kowa ya san in ya faɗi wannan, jaririn zai riga lasin isowa.

A cikin wannan hali Auta ta dawo hutu. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana jami'a tana karatun halayyar ɗan Adam, karatun da uban bai taɓa gane amfaninsa ba. Ta ji labarin gwaji biyun daga bakin Mama, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta bi shi shago ta zauna a kan kujerar masu jira tana tsince zare.

A kan teburin yanka akwai wani farin siliki da wata mata ta kawo. Ta gaya masa babu irinsa a kasuwa yanzu, in ya ɓaci shi ke nan. Tela ya shimfiɗa shi, ya auna, ya ja layi da alli, ya sake aunawa. Ya ɗauki babban almakashi ya mayar ya ajiye. Ya goge tafin hannunsa a cinyoyinsa. Ya ja numfashi, ya fesar da shi a hankali ta baki. Zufa ta tsatso a goshinsa, jijiyar wuyansa tana harbawa, idonsa ya tsaya cak a kan layin allin kamar babu kowa a duniya.

Auta ta taso ta kama wuyan hannunsa.

"Ke, miye haka? Sakar mini hannu."

"Tsaya, Baba. Kai! Zuciyarka gudu take yi. Tsoro kake ji?"

"Tsoron me? Yadi ne zai cije ni?"

"To mene ne wannan?"

"Aiki ne. Haka nake yi duk ranar da zan sa almakashi a kaya mai daraja. Matsa."

Ya yi bismillah ya sa almakashi. Ya tafi sar, daga wannan baki zuwa wancan, ba karkata ko ta gashi ɗaya. Ya ɗago yana huci, fuskarsa a sake.

Auta ta ce, "Ranar gwajin farko, ba haka ka ji ba?"

Ya ajiye almakashin a kan tebur.

"A karatunmu abu ɗaya ne, Baba. Farkawar jiki. In jiki ya ga abu mai muhimmanci na tafe, sai ya miƙe tsaye: zuciya ta ƙara gudu, ido ya buɗe, kunne ya buɗe, hannu ya jiƙe. Mu ne a gida muke raba masa sunaye. In muna son abin da ke tafe mu ce ɗoki, mu ce zumuɗi. In ba ma so mu ce faɗuwar gaba. Ba wai murna da tsoro ɗaya ba ne, amma bugun da ƙirji ke yi musu kusan iri ɗaya ne. In ya yi yawa ƙafa ta yi rawa. In ya yi kaɗan a wuce danja ana hamma."

"Shekara nawa kina jami'a don a gaya miki zuciya tana bugawa?"

"A nan ba ka faɗa da shi. Ka san shi, kana goge hannu, kana fesar da numfashi, ka bar shi ya yi maka aiki. A mota da ka ji shi sai ka ce ka shiga uku. Karo na biyu kuma Mama ta kashe shi da shinkafa."

"Ni na kashe me?" Mama ce a bakin ƙofa, da kwanon abinci a hannu. Aka maimaita mata. Ta nuna mijinta da cokali. "Yarinyar nan ta yi gaskiya. Ka tuna rigata mai ruwan toka? Hannun hagu biyu ya yanka mini, Auta. Biyu! Yana jin ƙwallo a rediyo, hankalinsa kwance. Tawa ce ai, shi ya sa gabansa bai faɗi ba."

"Tsohon zance."

"Rigar tana nan a akwati, in kana so a ɗauko."

Bakanike, da ya ji hayaniya ya leƙo da sifana a hannu, ya ce shi dama tun farko ya san haka abin yake. Babu wanda ya kula shi. Mutumin da ya ba da shawarar banza ya kamata ya yi shiru in ta fito fili, amma ba kasafai ake samun haka ba.

Ranar gwaji na uku Mama ta dafa masa shayi kofi ɗaya, mai zafi, da biredi kaɗan. Ta fito da rediyon ta mayar da shi inda yake. Auta ta raka shi, suka ƙi zama a bencin, suka riƙa zagaya harabar suna gardama a kan ko kyanwar maƙwabta za ta yafe masa in ya ɗauke mata inuwa.

Jami'in nan dai ne. Da ya ga Tela sai ya duba sama kamar mai neman agaji, ya shiga ya ɗaura bel ya ja shi sosai. Ƙofa na rufuwa zuciyar Tela ta soma. Dum, dum, dum. Hannu ya jiƙe. Tsohuwar maganar nan ta na shiga uku ta taso masa, ya haɗiye ta. Ya ce wa bugun a ransa, ka zo ke nan, to zauna, aiki za mu yi.

Ya duba madubi. Ya sake dubawa. Ya goge tafin hannunsa a cinyoyinsa, ya ja numfashi ya fesar a hankali.

"Malam, lafiya? Me kake yi?"

"Shirin yanka nake, ranka ya daɗe."

Jami'in ya ƙara jan bel ɗinsa.

Tela ya yi bismillah ya saki kuloci. Motar ta tafi sumul. Zuciyar ba ta daina bugawa ba, kuma bai roƙe ta ta daina ba. Ya ga komai: mai keken da ke shirin kutsowa ta dama, matar da ke jan yaro a bakin titi, danjar da ta koma ruwan ɗorawa tun yana nesa. Ya tsaya kafin layi. A shataletale ya ba da hanya, ya kunna sigina, ya fita. Da aka ce ya yi ribas ya shiga tsakanin durom biyu, ya shige kamar zare a kafar allura.

Jami'in ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Anya kai ne na rannan?"

"Ni ne. Rannan barci nake."

"To ka ci. Allah Ya tsare hanya. Ka riƙa zuwa a farke."

Auta ta hango fuskarsa tun kafin ya fito, ta daka tsalle a gaban mutane, abin da bai dace da budurwa mai karatu ba, amma a ranar babu wanda ya tsawata mata. Shi kansa Tela rungume jami'in ya so yi, mutumin ya ja da baya ya miƙa masa hannu.

Jaririn ya zo bayan 'yan kwanaki, da hantsi, namiji, mai ƙarar murya. Da aka sallame su, motar tana ƙofar asibiti, an wanke ta tana ƙyalli, babu tawul ɗin kowa a kanta. Maijego da Mama suka shiga baya, jaririn a naɗe cikin wani farin zane da kakansa ya dage sai da ya ɗinke bakinsa da hannu. Surukin ya zauna gaba, yana ta godiya ba a san ta mece ce ba. Auta ta matsu a gefen yayarta.

Tela ya riƙe sitiyari bai tayar ba. Zufa ta tsatso a goshinsa.

"Baba, ya zuciyar?" in ji Auta.

"Kamar za ta fasa rigar."

"Tsoro ne ko ɗoki?"

Ya dubi madubi. Ya hango ɗan ƙaramin hannu ya fito daga cikin zanen, a dunƙule.

"Ban sani ba, kuma ba ruwana. Ku yi mini shiru."

Ya goge hannu, ya fesar da numfashi, ya yi bismillah. Suka hau titi a hankali, a hankali ƙwarai, har wani tsoho a kan keke ya wuce su yana waiwaye.

"Malam," in ji Mama, "a haka yaron nan zai yi gemu kafin mu isa."

Ya ɗan taka totur.

"Kai, kai! Sannu dai! Sabon maigidana ne fa a hannuna, kada ka girgiza mini shi."

Da suka shigo layin, Bakanike ya fito tsakiyar hanya yana ba da hannu kamar ɗan sanda, mai wanki da mai lemo suna tafi. Tela bai kalli kowa ba sai da ya yi fakin daidai inda motar ta saba tsayawa, ya ja birkin hannu, ya kashe. Sannan ya juya baya ya miƙa hannu biyu, har yanzu a jiƙe, ya ce a ba shi fasinjansa.