Malam Bai Taɓa Cewa Acaɓa Ba

"Sake kunnawa," in ji Malam Kallamu.

Na sake, hannuna duk ƙullun masa. Muryarsa ce ta fito daga wayata tas, har da ɗan shaƙewar nan da yake yi in ya jima yana karantarwa: "Jama'a, ni ne Kallamu, magatakardan Sarkin Hausawa. An tabbatar mana gobe Litinin za a shigo unguwa a far mana. Kowa ya bar Onitsha yau. Wanda ba shi da mota ya hau acaɓa ya kai kansa tasha."

Ga mai muryar tsaye a gabana da buta a hannu, baki buɗe. Shekara goma sha tara muna katanga ɗaya, ban taɓa ganinsa haka ba sai ranar.

"Barira, wallahi ban faɗa ba."

Matarsa Zuliha ta leƙo daga zaure. "Acaɓa kuma? Malam da aka haifa a garin nan? Ko Kano ya je okada yake cewa, ana yi masa dariya."

Daga baya aka fahimtar da ni, ni da ko lambar wayata ba na riƙewa. Karatun da ɗalibansa ke ɗauka suna yaɗawa, shi wani ɗan banza ya kwashe ya ba wa na'urar da ake kira AI, ta ɗinka masa maganar da bai yi ba. Abin takaicin, Malam ne ya yi shekaru yana koya mana kada mu karɓi labari sai mun san bakin da ya fito. To, wannan bakin kowa ya san shi. Sarki kuma ya tafi aikin Umara, maganar Malam ita ce maganar unguwa.

Nan take Malam ya aika saƙon gaskiya. Kafin na wanke hannu an fara cewa ai tilasta shi aka yi ya janye. Layinmu ya cika da katifu da tukwane, don kowa ya san a garin nan Litinin ranar zaman gida ce ta dole, ko keke ba ya fita.

Malam ya ajiye butar, ya sa hula.

"Malam, jininka!" in ji Zuliha. "Ko maganin safe ba ka sha ba."

"Ina da shekara tara muka gudu daga nan a rikicin da ya jawo yaƙin basasa," ya ce. "A hanya muka binne ƙanwata. Ba za a kwashi yara a bi wannan hanya da sunana ba."

Babu okada, masu gudu duk sun kwashe su. Ya kama tafiya a ƙasa, na bar masata a kan wuta na bi shi. Tsohon nan har tsere mini yake yi.

Tashar Upper Iweka kuwa ba masaka tsinke. Dogara, shugaban 'yan baro, ya riga ya loda iyalai bakwai a babbar mota. Malam ya hau benci yana haki.

"Ku dube ni! Ga ni da jinina da namana!"

"Malam, abeg," in ji Dogara, "no be kai ka ce mu tafi ba?"

"Dogara, shekara nawa kana ɗaukar karatu a gabana? Yaushe ka taɓa jin na ce acaɓa?"

Wata mata ta ce, "Kai, gaskiya ne fa!" Wani ya tuntsire da dariya, ni ma na dara. Muna cikin dariyar Malam ya dafa kafaɗar Dogara, ya zauna a hankali, ya kishingiɗa kamar mai jin barci. Na yi zaton hutawa yake. Sai da na ga Dogara ya cire hula yana salati na gane Malam ya cika. Na zauna a ƙasan tasha ina kuka, ban damu da mai kallo ba.

Ba wanda ya ba da umarni. Haka kawai aka fara sauke kaya, yara na sauka ɗaya bayan ɗaya. Direban, wani Inyamuri mai furfura, ya share bayan motar da kansa, ya ce, "Make una put Papa," wato a sa Baba a ciki.

Aka shimfiɗa masa tabarmar wani. Motar ta juya kanta zuwa unguwa tana tafiya a hankali, mu kuma muna biye a ƙasa, kowa da katifarsa a kai.