Ɗankwalin da Tela Ya Yi wa Ado

Wata takwas cur mijina bai ga tsakiyar kaina ba. Tun safiyar da na tashi na tarar da rabin kitsona a kan matashin kai, sati uku da fara maganin ciwon daji, na ɗaura ɗankwali ban ƙara cirewa a gabansa ba. Da ɗankwalin nake kwana. In zan yi wanka sai na murza makullin banɗaki sau biyu, ni da a da ko ƙofar ba na turawa sosai. Shekara talatin da ɗaya muna ɗaki ɗaya da mutumin nan, ya ga haihuwata huɗu, ya ga ranar da aka cire min haƙori kumatuna ya yi suntum, amma wannan kam na ce ba zai gani ba.

Ba kunya ba ce kawai, tsoro ne. Akwai wani kallo da ake yi wa marar lafiya, a karkatar da kai gefe, a sassauta murya kamar ana lallashin jariri. Na gan shi a idon ƙannena, na gan shi a idon malaman makarantar da nake koyar da lissafi. Duk na shanye. Amma na san ranar da na gan shi a idon Tela, to na tashi daga matarsa na koma majinyaciyarsa, kuma ban ga hanyar dawowa daga nan ba.

Tela nake ce masa, don sana'arsa ke nan, shi kuma Malama yake ce min ko da muna faɗa. Bai taɓa tambayata zancen ɗankwalin ba. Da na shigo canza kaya sai ya tuna yana da abin dubawa a waje.

Da likita ya ce an gama magani, sai dai a riƙa zuwa dubawa, babbar 'yarmu ta shirya mana tafiyar kwana biyu, wai mu je mu sha iska, mu ga ruwa da duwatsu da birai. Na ce birai kuma? Ajin da nake koyarwa bai ishe ni ba? Ta ce ta riga ta kama ɗaki. Tela kuwa kwana uku a jere yana dawowa daga shago a makare, ranar tafiya ya miƙo min wani abu a naɗe cikin takarda. Ɗankwali ne shuɗi, ya bi bakinsa kaf da ƙananan duwatsun ado masu ƙyalli, irin waɗanda yake sa wa kayan amare, ɗaya bayan ɗaya da allurar hannu.

"Tela, wurin birai za mu ko wurin ɗaukar hoto?"

"Ragowar wani aiki ne, Malama. Kar su lalace a banza."

Ƙarya yake yi, na san shi. Na ɗaura.

Gaskiya safiyar ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba. Wata ƙaramar bas ta kwashe mu daga masauki, mu goma sha biyu, ta bi da mu ta cikin gonakin ayaba da wasu dogayen itatuwa da ban san sunansu ba. Iskar wurin da ɗumi da laima, gumi na bin baya tun kafin rana ta ɗaga. Muka tsallaka wata gadar katako mai lilo, Tela ya riƙe igiyar gefe da hannu biyu yana ce min kar in ji tsoro, alhali shi ne a tsorace. Muka isa inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, feshinsa na dukan fuska. Na tsaya na daɗe. Rabon da in ji sanyin abu a fatata in ji daɗinsa har na manta. A nan ma na ji yunwa, yunwa ta gaske, na cinye mangwaro biyu a tsaye ruwansa na bin gwiwar hannuna. Tela yana kallona kamar ya ga kuɗi a ƙasa.

Wajen azahar muka isa tudun biran. A bakin ƙofa wani dattijo siriri, ma'aikacin wurin, ya tare mu. Da wata tsohuwar jaka a kafaɗarsa, da sanda wadda ban ga ya ɗaga ta ba ko sau ɗaya.

"Duk mai tabarau ya cire," in ji shi. "'Yan kunne, agogo, waya, duk abin da ke ƙyalli a sa a jaka a zuge. Waɗannan ba ɓarayin abinci ba ne kawai. Sun gane in suka ɗauki abin mutum, za a ba su abinci su mayar. Sana'a ce suka mayar da ita."

Na cire 'yan kunne, na cire agogo, Tela ya cusa tabaransa a aljihu ya koma lalube. Dattijon ya dubi ɗankwalina, ya buɗe baki, sai ya dubi fuskata da babu gira, ya rufe bakinsa. Ni kuwa ko a jikina. A wurina ɗankwalin nan ba ado ba ne da ake cirewa, fata ce. Shi kuma Tela, mutumin da ya shekara arba'in yana liƙa wa mata duwatsu, idonsa ya daina ganin ƙyallinsu tuntuni. Haka muka shiga, mu biyu masu wayo.

Biran suna ko'ina, kan matakala, kan katanga, kan rassa. Wata uwa da ɗanta manne a cikinta ta wuce ta gabanmu ko kallo ba mu ishe ta ba. Wasu biyu suna duba wa juna ƙwarƙwata da natsuwar da ban taɓa samu a wurin ɗalibaina ba. Wani ƙato mai yagaggen kunne yana zaune a kan katanga, ya harɗe hannu kamar shugaban makaranta ranar duba tsafta. Na nuna wa Tela shi ina dariya, na juya zan hau matakala ta gaba.

Nauyi kawai na ji a kafaɗata, da wasu 'yan yatsu masu sanyi a wuyana. Kafin in ce wani abu nauyin ya tashi, iska ta bugi kaina.

Ban yi ihu ba. Durƙushewa na yi a kan matakalar, na ɗora hannu biyu a ka, hannu biyun da ba su isa rufe komai ba. Ina jin surutun mutane ya ɗauke. Ina jin rana a kan fatar da ta yi wata takwas ba ta gan ta ba. Abin da ke raina ɗaya ne: yana bayana, ya gani, shi ke nan.

Sai inuwa ta rufe ni. Shagon Tela ba shi da ɗakin gwada kaya, in mutum zai gwada riga sai Tela ya ware yadi ya riƙe da hannu biyu ya yi masa labule, shi kuma ya kau da fuska waje. To rigarsa ta sama ya tuɓe ya ware haka, ya tare tsakanina da mutane. Sai dai wannan karon bai kau da fuska ba. Yana cikin labulen tare da ni, daga shi sai singileti da tumbinsa.

"Kar ka kalle ni," na ce.

"Na riga na kalla."

"To ka daina."

"Malama, ɗago."

Na ɗago don in gama da abin, in ga kallon nan in huta. Ban gan shi ba. Bai karkatar da kai ba, bai sassauta murya ba. Ya ƙanƙance ido saboda babu tabarau, yana duba kaina yadda yake duba yadi kafin ya sa almakashi, kuma ransa a ɓace yake.

"Wannan ne?" ya ce. "Saboda wannan kike kulle min ƙofa?"

Ya naɗa min rigar a ka, ya ƙulla hannayenta a ƙeya, ɗauri mai kyau kuwa, ya kama ni na miƙe. Mutanen bas ɗinmu, Allah ya saka musu da alheri, kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Wata mata ta matso ta tsaya kusa da ni, ta miƙo min gorar ruwanta.

Mai yagaggen kunnen nan yana can kan reshe da ɗankwalina, yana juya shi a rana. Dattijon ya iso ba gaggawa, ya zuge jakarsa.

"Kar wanda ya nuna ya damu," ya ce a hankali. "Yana kallon fuskokinku. In ya ga abin yana da daraja a wurinku, ba zai sake shi da arha ba."

Ya jefa ayaba ɗaya. Birin ya cafe da ƙafa, ya ci, bai saki ɗankwalin ba. Ya jefa ta biyu. Birin ya karɓa, sannan ya kai bakin ɗankwalin bakinsa, ya ɓalle dutse ɗaya da haƙori, ya ɗanɗana, ya tofar.

Nan fa Tela ya manta da duk abin da aka ce. "Kai! Ɗari biyu da arba'in ne a jiki, da hannu na sa su!" Ya yi gaba yana ɗaga hannu, singileti na tattarewa.

Dattijon ya dafe goshi. "Maigida, ka tayar da farashi."

"Ashe ba ragowar aiki ba ne," na ce.

Tela ya yi kamar bai ji ba. Birin kuwa ya ƙara hawa reshe ɗaya, ya ci gaba da ɓalle duwatsun yana tofarwa, suna faɗowa kan matakala ɗaya ɗaya. Tela na bi yana tsincewa, yana lalube da hannu don ba ya gani. Wallahi dariya ta kama ni, irin wadda ke fitowa tare da hawaye da majina, har sai da matar nan ta riƙe ni. Sai da aka kai ga dafaffen ƙwai biyu, waɗanda dattijon ya ce yana ajiye su ne don tabarau masu tsada, sannan mai yagaggen kunne ya saki ɗankwalin ya faɗo. Ya jiƙe da yawu, gefe ɗaya ya yage.

Na yi wa dattijon godiya har ya fara jin nauyi. Ya ce shi ne da laifi, ya ga duwatsun tun a ƙofa, ya rasa yadda zai faɗa. Na ce ya kyauta da bai faɗa ba, ya dube ni bai gane ba, ni ma a lokacin ban gama ganewa ba.

Sauran suka ci gaba da hawa. Mu muka sauko muka zauna a wani benci bayan rumfar sayar da ruwa, inda babu kowa sai kaji. Tela ya wanke ɗankwalin da ruwan gora, ya shanya a gwiwarsa, ya mayar da tabaransa, ya zaro allura da zare daga cikin walat ɗinsa. Ko asibiti ya raka ni da allurar nan a jikinsa. Ya fara kama yagewar, bai dube ni ba.

"Na zaci fushi kike da ni," ya ce.

"Fushin me?"

"Ina na sani? Na ce ko don ban iya magana ba ne a asibiti. Kowa ya zo ya faɗi abu mai daɗi, ni sai in tsaya riƙe da jaka. Na ce ko kin ga ban yi miki komai ba." Ya ja zaren ya gutsure da haƙori. "Kullum ina jin ƙarar makullin nan daga falo. Sau biyu."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya. Ina can ina tsare kaina daga kallonsa, ashe shi yana nan waje yana lissafin laifin da bai yi ba. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji wata irin godiya da ta cika min ƙirji. Mutumin nan bai je ko'ina ba. Ni ce na tafi na bar shi a falo.

"Ba fushi ba ne, Tela. Tsoro nake kar ka ji tausayina."

"Tausayinki? Ke da kika sa ni tsayawa tsirara a gaban birai?"

"Da singiletinka."

"Mai huji."

Ya gama ɗinkin, ya girgiza ɗankwalin, ya taɓa ya ji ya sha iska. Ya miƙo min, sannan ya fara juyawa zai ba ni baya, yadda ya saba yi wata takwas. Na kama hannunsa.

"Ina za ka? Rigarka ce, zo ka kwance abarka."

Ya kwance ƙullin a hankali. Rigar ta sauka, ya riƙe ta a hannu bai sa ba. Ya daɗe yana dubawa, wannan karon da tabarau.

"Rana ta ɗan ƙona ki a nan," ya ce, ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar kaina. Hannun da kaushi, duk sawun allura. "Akwai zafi?"

"Babu," na ce. "Bar shi a nan tukuna."