Rigunan Buhun Fulawa

Laifin da zan ba da labarinsa shi ne raina amana don ta zo a tsohuwar jaka. Mutum ya ba ka ajiya, ka ɗaga ka ji ba nauyi, sai ka yanke wa kanka hukunci cewa ba abin kirki a ciki. Haka Mu'awiya ya yi a gaban idona, kuma da ya ga ta ɓaci sai ya ɗora ƙarya a kai.

Ni Ɗalhatu, shekarata ashirin da bakwai a Dubai ina harkar kago, wato tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Ban yi boko ba, ƙwallo kuwa har gobe ban gane abin da ake bi a cikinta ba. Mu'awiya ɗan aminina ne marigayi, sitonsa yana jikin nawa a Port Saeed, kuma ni na tsaya masa lokacin da ya zo garin nan.

Akwai wani Bature Musulmi mutumin Albaniya da ke gyaran injinan ɗaga kwantena a Jebel Ali. Sunansa Skender, mu Iskandar muke ce masa. Duk ranar hutunsa yakan zo ya duba wa Mu'awiya motar ɗaga kaya, ba ya karɓar komai sai shayi. In ya zauna kuwa, magana ɗaya gare shi: ƙungiyar ƙwallon garinsu, wani ɗan ƙaramin gari a gindin dutse mai suna Gurmali. Da guntun Larabci da guntun Turanci da nuni da hannu yake ba mu, ni ina tsintar abin da na tsinta.

Ya ce masu fasa dutse ne suka kafa ta bayan babban yaƙin Turawa. Ba su da riguna, sai matan garin suka farke buhunan fulawa suka ɗinka guda goma sha ɗaya, suka rina su da ɓawon wani ɗan itace na ƙasarsu. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka fara sawa. Daga baya gwamnatinsu ta rushe, samari suka cika jiragen ruwa suka tsere neman abinci, filin ƙwallo ya koma makiyayar tumaki. Shekarar da aka yi tarzoma aka fasa ofishin ƙungiyar, uban nasa ne ya shiga ya kwaso rigunan nan ya ɓoye. Da ya rasu gidan ya zama kango, Iskandar ya taho da su. Sai kuma waɗanda suka tsere suka haɗa kai daga nesa, aka kori tumaki, aka share fili.

"Yanzu muna rukuni na uku, Hajji," in ji shi. "Inshallah na biyu, sannan na ɗaya."

Na ce, "To daga uku zuwa ɗaya ai raguwa ake yi."

Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Wata rana kamfaninsu ya tura shi aiki wata tashar jiragen ruwa a Oman, inda za su kwana mutum shida a ɗaki. Ya zo da wata jaka mai mataccen zif, ya miƙa wa Mu'awiya da hannu biyu. Ya ce wata uku ne zai dawo. Mu'awiya yana waya a lokacin, ya karɓa da hannun hagu, ya ce, "Khalas, habibi, ba damuwa," ya jefa ta bayan katan-katan.

Na ce masa, "Kai, sa ta a kabad ka kulle."

Ya ce, "Baba, tsummokara ne fa."

Wata uku ya zama shekara biyu da wani abu. To mu a harkarmu, in za a tura kayan fashi, kofuna ne ko faranti ko kwalaben turare, da tsofaffin kaya ake naɗe su a cusa a gefen katan. Ranar da tsumma ya yanke a sito, Hadi mai ɗaurin kaya, dattijo ne mai furfura, ya tambaya ko ya taɓa jakar Baturen. Mu'awiya ya ce, "Yalla, kwashe, me ake da su!"

Bayan an daɗe, ran nan da hantsi ina zaune, sai ga Mu'awiya ya shigo sitona yana gumi alhali watan Janairu ne. Ya miƙo min waya. Saƙon murya ne daga Iskandar, yana ihu kamar an yi masa haihuwa. Gurmali ta hau rukuni na ɗaya. Bugu da ƙari, lokacin sanyin ƙasarsu ƙungiyar za ta zo Dubai yin atisaye na kwana goma. Shi ma ya ɗauki hutu, ranar Lahadi bayan la'asar zai miƙa wa shugabanninta rigunan a fili, gaban kowa. Ya haɗa da wani tsohon hoto marar kala: mutum goma sha ɗaya ramammu a tsaye, bayansu dutse.

Ranar Laraba ce. Aka kira Hadi.

"Ina rigunan?"

"Waɗanne? Na jakar Bature? Ai kai ka ce a kwashe."

"Na ce ina suke!"

Hadi ya shiga lissafi da yatsu. Uku sun tafi Kano da kofunan Hajiya Wasila. Biyu Maraɗi, ko Damagaram, bai tabbata ba. Wasu Kumasi. Ɗaya kamar ya goge man inji da ita. Ɗaya kuma ya naɗe wa Hajiya Zaituna farantai, mai abincin nan da ke Deira.

Na ce, "Alhamdulillahi, ga guda a kusa. Tashi ka je wurin Zaituna ka karɓo, ka kira mutumin nan ka gaya masa gaskiya tun bai hau mota ba."

Ya ce, "Baba, Zaituna? In ta ji, kafin magariba duk Bahaushen da ke Deira ya ji. Bari na gwada Kano."

Ya kira Hajiya Wasila, ya buɗe murya muna ji.

"Wace riga kuma, Mu'awiya? Tsumman da kuka cusa min a kofuna? Ai tun bara na ba masu wankin mota."

"Hajiya, don Allah wace kala ce?"

"Ja-ja ce. A'a, tsaya. Ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya kamar kunun kanwa. Lafiya dai? Ko zinari aka ɗinke a ciki?"

Ya kira mai kayan Maraɗi, ya ce shi toka-toka ya gani. Na Kumasi ya ce bai ga riga ba, wando ya gani. Mu'awiya ya riƙe kai ya juya ga Hadi. Hadi ya ce, "Ni dai iyakar sanina ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta."

Mu'awiya ya ce, "Malam Hadi, tsufa ya fara taɓa ka. Ina ka taɓa ganin 'yan ƙwallo kowa da kalarsa?"

Nan na fara ruɗewa ni ma. Riga goma sha ɗaya, mutum huɗu sun gan su, an samu kala huɗu da wando.

Sai Mu'awiya ya duba waya, ya ga 'yan Gurmali na yanzu kore suke sawa. Ya ce ai shi ke nan, ƙungiya ba ta canza kala. Washegari ya ja ni muka hau abra, jirgin fito, muka ƙetare zuwa Bur Dubai, kasuwar yadi. Na bi shi ne don na hana shi, ba don na taya shi ba, Allah shaida ne. A cikin jirgin na ce masa, "Abin da kake shirin yi ya fi na farko muni. Na farko sakaci ne, wannan da saninka." Ya ce, "Baba, shwaiya mana. Tsoho ne, idonsa ma ba ya gani sosai."

Ya sayi koren yadi, ya kai wa wani tela hoton. Telan ya daɗe yana jujjuya wayar, ya tambaya da wuya ko ba wuya, dogon hannu ko gajere, don a hoton wani haka wani haka. Mu'awiya ya ce a yi su duk iri ɗaya, masu kyau. Ran Asabar aka kawo su, sai ƙyalli suke. Ya ga sun yi sabunta da yawa, ya sa aka dafa ganyen shayi cikin bokiti aka jiƙa su, aka shanya a bayan sito, ya bi su da dutse yana gurza. Hadi yana kallo ya ce min, "Alhaji, da muna naɗe kaya da riga, yanzu kuma muna ba riga shayi. Ni na daina ganewa."

Don ya ƙara wa abin armashi, Mu'awiya ya yi odar shinkafa da miya da masa na mutum arba'in, wai karramawar Hausawan Dubai ga baƙi. Kuma wa ke irin wannan girki in ba Zaituna ba? Ya kira ta a kan abinci, bai ce mata uffan a kan riga ba.

Ran Lahadi muka isa filin, ni da Mu'awiya da Hadi. Samari jibga-jibga cikin korayen kaya suna ta zagaye, wani mai usur yana yi musu tsawa da yarensu. Iskandar ya rungume mu, ya rame, ya sa kwat. Aka tsayar da atisaye, aka jera 'yan wasa, shugaban ƙungiyar ya yi jawabin da ban fahimci ko kalma ɗaya ba sai Gurmali, Gurmali. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Mu'awiya cikin babbar riga ya miƙa jakar, wannan karon da hannu biyu.

Iskandar ya buɗe. Ya zaro ɗaya. Ya tsaya.

Ya kai ta hanci. Ya juya cikinta waje, yana neman wani abu a bayan. Ya ajiye, ya zaro ta biyu, ita ma ya juya. Ta uku. Ya duba ƙasan jakar, ya duba zif ɗin, kamar mai shakkar ko jakarsa ce. Shugaban ya yi masa magana, ya amsa a hankali, sai surutu ya tashi cikin yaran, wannan ya ɗaga riga yana nuna wa wancan.

"Mu'awiya, habibi," in ji Iskandar, "an yi kuskure. Wannan kayan wani ne. Ina nawa?"

"Su ne, wallahi. Wanke su aka yi, shi ya sa suka yi haske."

"Wanki ya mai da su kore? Mun fara sa kore shekara tara da suka wuce. Ina tambarin kamfanin fulawa da ke cikin kowacce? Kuma me ya sa suke ƙanshin shayi?"

Mu'awiya ya ce wataƙila zafin Dubai ne. Ya ce wataƙila a sito aka musanya. Ya ce Hadi ne. Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na dubi takalmina. Baturen bai yi fushi ba tukuna, ruɗewa ce kawai a fuskarsa, yana ta maimaita cewa goma sha ɗaya ne, ya ƙirga su da hannunsa.

Ana cikin haka motar abinci ta tsaya. Hajiya Zaituna ta sauko, ba ta san me ake ciki ba, ta kamo kunnen tukunyar miya da wani tsumma, tana cewa, "Ku matsa, da zafi! Mu'awiya, ina za a ajiye?"

Iskandar ya bi hannunta da kallo. Ya taka a hankali har gabanta, ya jira ta dire tukunyar, ya miƙa hannu. Ta dube ni. Na ce, "Ba shi, Hajiya."

Ya warware shi. Riga ce ruwan ƙasa, ta sha manja, gefe guda wuta ta ci. Hannun rigar na hagu bai kai na dama tsawo ba. Ya juya cikinta, ga dusasshen tambari nan. Ya taɓa gaya mana buhun ne ya ƙare wa kakarsa, shi ya sa ta ubansa ta fito da gajeren hannu. Ni na tuna, Mu'awiya kuwa waya yake yi ranar.

Mutumin nan mai shekara sittin ya durƙusa a kan ciyawa ya kifa fuska cikin tsumman girki. Yaran suka zo ɗaya bayan ɗaya suna taɓa rigar. Zaituna ta kama haɓa.

"Alhaji Ɗalhatu, me na yi? Tsumman tukunya ne fa. Da na san na mutane ne, wallahi da ban ɗauki zafi da shi ba."

Na ce, "Ke ba ki yi komai ba. Ke kaɗai ce ma kika riƙe."

Da ya miƙe, ya tambaye ta inda ta samu, ta faɗa masa. Ya tambayi Hadi sauran, Hadi ya sake lissafin nan da yatsu, Kano, Maraɗi ko Damagaram, Kumasi, man inji. Iskandar ya saurara har ƙarshe. Ya tattara korayen rigunan, ya ninke su tsaf, ya mayar cikin jakar, ya ajiye a gaban Mu'awiya. Ya ce, "Da ka ce min sun ɓace, da na yi kuka na haƙura."

Hoton da aka ɗauka ranar, Zaituna ce a tsakiya da ludayi a hannu, tana tambayar kowa me ake yi.

Ga abin da Mu'awiya ya rasa. Ya rasa Iskandar, wanda bai sake taka Port Saeed ba. Motar ɗaga kayan tana nan a mace wata na biyar. Ya rasa Hadi, bayan shekara goma sha ɗaya, don ya ɗora masa laifi a gaban baƙi. Yanzu a sitona yake. Mata uku da ke barin akwatunansu a wurinsa sun kwashe a mako guda. Makullin sitona da ke hannunsa tun rasuwar ubansa, na karɓe. Sunansa ma ya tafi, daga Deira har Kwari ba a gane shi sai an ce Mu'awiya Mai Shayi. Abin da ya rage masa korayen riguna goma sha ɗaya, kuma ko naɗin kofi ba sa yi, santsi gare su.